Wata Takwas Bayan Na Sa An Yanke Sifirin ɗin Marsandina

Motar da nake magana a kanta Marsandi ce ƙirar 230E ta shekarar 1982, daga jerin W123 da kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya fara fitarwa a 1976, kuma na gaje ta ne daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bayan na gyara inji na sake mata fenti, abin da ya ci gaba da tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin taya da jikin motar, musamman a gaba. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ina neman gajerun sifirin da aka ƙera domin wannan aiki ban samu na irin motata ba, yin odarsu daga Turai kuwa ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na yanke shawarar a rage tsawon waɗanda ke jikinta.

Wani dattijon bakanike da ya daɗe yana aikin Marsandi a wajen titin Katsina na kai wa motar. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ya ƙi yarda a kusanto da wutar gas, alhali da ita mutane da yawa ke gasa sifirin har ya lanƙwashe. Ya ce da ni: "Alhaji, idan wuta ta ci sifirin, ƙarfen ya mutu. Yau zai sauka daidai yadda kake so, gobe kuma ya ci gaba da sauka ba tare da ya shawarce ka ba." Da na'urar matsewa wadda ake zurawa ta cikin sifirin ya ciro shi, domin na gaban wannan mota dogo ne, a matse yake ƙwarai, kuma idan ya kuɓuce yana iya hallaka mutum.

Bai yi gaggawar yanka ba. A saman kowane sifirin na gaba akwai wata roba da kamfanin ke yi kauri huɗu, wato milimita 8, 13, 18 da 23, sai ya cire mai 18 da ke jikin motar ya sa mai 8. Daga nan ne ya yanke rabin zagaye kacal da injin yankan ƙarfe mai faifai, yana zuba ruwa domin kada wurin ya ɗauki zafi. Na ga kamar ya yi kaɗan, amma ya nuna mini cewa sifirin a tsakiyar hannun da ke riƙe taya yake zaune, ba a kan tayar ba, saboda haka ɗan abin da aka rage a jikinsa ninkuwa yake yi idan ya iso taya. Bayan mako guda da motar ta zauna, muka auna muka tarar gaban ya sauka kusan santimita 4.

Na baya kuwa ya ba ni shawarar in bar su, ni ne na nace aka yanke su, kuma a nan ne na yi kuskure.

Ta fuskar kyau ba ni da abin cewa, domin motar ta kwanta ta yi fasali, kuma ta rage karkata idan na sha shataletale. Sai dai sifirin da aka rage wa zagaye ƙara tauri yake yi, don haka laushin tafiyar nan da aka san tsohuwar Marsandi da shi ya ragu, abin da ya fi damuna ke nan, domin da wannan laushin na san motar tun ina yaro. Tudun rage gudu da ke cikin unguwanni sai na hau shi a karkace kuma a hankali, ina tsoron kaskon man inji, a watan Agusta kuma da ruwa ya rufe ramuka na daina shiga wasu lunguna gaba ɗaya. Idan na ɗauki mutum uku a baya, ramin da bai kai ya kawo ba ma sai na ji motar ta buga ƙasa, domin shokazoba ba ta da sauran filin motsi. Tayoyin baya sun kwanta ciki daga sama, suna cinyewa ta gefen ciki, kuma tsarin ƙafar bayan wannan mota bai ba da damar a saita hakan kamar yadda aka saita na gaba ba.

Ƙorafina a kan bakaniken guda biyu ne: ya ce kwana biyu, motar ta yi biyar a garejinsa, sannan bai shafa fenti a bakin da ya yanke ba, har tsatsa ta fara kama wurin kafin in lura. Ban da wannan, aikinsa mai tsabta ne, kuma tsayin gefen dama da na hagu bai bambanta ba. Gaban zan bar shi yadda yake. Na baya kuwa na riga na sayi wasu sifirin na hannu da ba a taɓa yankewa ba, kuma shi zan mayar wa motar ya ɗaura su kafin damina mai zuwa.