Burushin miƙar da gashi mai aiki da lantarki: abin da yake iyawa a kan gashinmu mai tsauri

Burushin da nake magana a kansa shi ne irin wanda ake samu a shagunan kayan kwalliya na Kasuwar Wunti da Muda Lawal a nan Bauchi: yana da mariƙi kamar na mataji, fuskarsa farantin siramik ne da ke ɗaukar zafi, haƙoransa kuma an rufe bakinsu da roba don kada su ƙona fatar kai. Akwai ɗan gilashi mai nuna awon zafi, yawanci daga digiri 130 zuwa 230. Kada a rikita shi da ɗan'uwansa mai busa iska kamar diraya. Wancan yana cin wuta wat 1000 ko fiye, wannan kuwa ba ya kai wat 100, don haka ƙaramin janareto ko solar gida na ɗaukarsa ba wahala.

Hukuncina bayan na yi ta amfani da shi a kan gashi mai cika da tsauri wanda ba a sa masa rilaksa ba: yana miƙar da gashi, yana rage masa tashi, yana sa mataji ya wuce salin-alin. Amma ba zai kwantar da shi ya yi santsi kamar yadda hoton kwalin ke nunawa ba. Dalilin a bayyane yake. Sitirecar salun tana matse gashi tsakanin faranti biyu, shi kuwa burushi gefe ɗaya yake dumamawa, gashin na ratsa tsakanin haƙora ba tare da matsi ba. Wadda ke neman gashinta ya saki don ta ɗaure shi ko mai kitso ta ji daɗin kamawa, ta samu abin da take so. Wadda ke neman ya zubo kamar na Indiyawa, kuɗinta za ta yi asara.

Rabin aikin ana gama shi ne kafin a jona burushin. A tsefe kai, a wanke, da shamfu ko da karkashi, a sa man laushi na wankin kai, wato kwandishana, a taje da mataji mai manyan haƙora daga baki zuwa tushe. Sannan a bari ya bushe ƙarau. Nan ne mata da yawa ke cutar kansu. Idan da sauran danshi a cikin silin gashi, zafin yana tafasa ruwan, tururi ya kumbura silin daga ciki, bayan kwana kaɗan ki ga gutsattsari suna zuba a kafaɗa. Jin ƙarar "tsuuu" ko ganin tururi na tashi alama ce ta a dakata. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce a yi manyan kalaba shida ko takwas da daddare, gashin ya bushe a miƙe, da safe a warware a hau burushi.

Maganar mai kuma, man kaɗanya da man kwakwa na bayan an gama ne. Idan aka lafta su kafin zafi, suna daskarewa tsakanin haƙoran burushin, su yi ƙauri, gashin ya yi nauyi ya manne. Abin da ake bukata tun farko shi ne feshin kariya daga zafi, wanda yawanci silikon ne a cikinsa, a fesa kaɗan a kowane kashi a bar shi ya sha iska.

A raba kai gida huɗu a kama da shirip, sannan a riƙa ɗibar kashin da bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Hannu ɗaya ya ja bakin gashin ya miƙar da shi, ɗayan ya cusa burushin daga ƙarƙashi kusa da tushe, a ja a hankali, kamar daƙiƙa takwas zuwa goma kafin a kai baki. Jan nan da hannu shi ke maye gurbin matsin da burushin ba shi da shi. In babu shi, saman gashin kawai ake shafa. Sau biyu ya isa, uku ne iyaka. Kai mai cika sosai yana cin kusan minti arba'in.

Gashi na asali mai ƙarfi, a fara daga digiri 170, in bai saki ba a ƙara zuwa 185. Wanda aka sa wa rilaksa ko rini, kada a wuce 150, domin sinadarin ya riga ya raunana shi. Lambar 230 kuwa ban ga wanda ya kamata ya taɓa ta ba, a kusa da nan ne sinadarin keratin da aka gina gashi da shi yake lalacewa, kuma gashin da ya ƙone ba ya komawa lanƙwasarsa ko an wanke, sai almakashi. A lura da harafin da ke gefen lambar: wasu burusan da F, wato awon zafi irin na Amurka, suke nunawa, 350 a can kusan 177 ne a namu awon mai harafin C, 450 kuma ya haura 230.

Miƙewar ba ta dindindin ba ce, danshi kaɗan ke warware ta. A lokacin hunturu, da iskar Bauchi ta bushe, gashin kan yi kwana huɗu ko biyar a miƙe, sai dai a lokacin ne ya fi bukatar mai a bakinsa don kada ya kakkarye. A watan Agusta kuwa, da ƙyar ya kwana biyu. Gumin ƙarƙashin ɗankwali da hijabi shi ke fara tayar da tushen, shafar kai wajen alwala kuma tana mayar da na gaban goshi. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da wannan dalilin bin gaban goshin da burushi kullum. Gashin wurin ya fi ko'ina laushi, kuma kitso mai ɗauri ya riga ya gajiyar da shi. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar, a kwana da hular satin a tsakani.

Aibin burushin guda biyu ne suka fi damuna. Haƙoran gajeru ne, ba sa kai wa tushen gashi mai cika sai an rage kashin sosai, ƙeya kuma sai da taimakon wata. Na biyu, marasa tsadar ba sa riƙe zafi daidai, musamman idan wuta ta zo ba ƙarfi: gilashin na nuna 180, farantin kuwa bai kai ba, mai amfani ta yi ta maimaitawa har gashin ya gaji.

Wajen saye, a duba jikin mariƙin a ga an rubuta 220–240V ko 100–240V. Wanda aka yo tsaraba daga Amurka mai 110V kaɗai, da an jona shi a soket ɗinmu zai ƙone. A zaɓi mai wayar da ke juyawa a gindi, domin a nan waya ta fi yankewa, da mai kashe kansa idan an manta. A sa mai shago ya jona a gabanki ki ga lambar tana hawa. Bayan an gama aiki, a zare daga wuta, in ya huce a cire gashin da ya maƙale, a goge tsakanin haƙoran da tsohon burushin baki da ɗan tsumma mai ɗan danshi.