Lissafin Lokaci da Tazara: Ƙidayar Tsuntsaye ta Kirsimeti da Manhajar eBird

Malam, ka ce ka saba rubuta tsuntsayen da kake gani a manhajar eBird, kuma bana ka ba da sunanka cikin 'yan sa-kai na ƙidayar tsuntsaye ta Kirsimeti a garin da kake karatu a Amurka. Abin da kake son sani shi ne ko lokaci da tazarar da manhajar ke nuna maka su ne za ka miƙa wa mai tattara sakamakon yankinku, ko kuwa akwai wani lissafi na daban. Hanyoyin biyu suna kama da juna, amma kama da wane ba ta wane, domin kowace an gina ta ne don amsa tambayarta.

Ƙidayar Kirsimeti ta girmi eBird da fiye da shekara ɗari. Masanin tsuntsaye Frank Chapman ne ya kawo shawararta a 1900, don ta maye gurbin gasar harbin tsuntsaye da ake yi a ranar bikin, kuma mutum 27 ne suka fara ta a wurare 25. Yau ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ke kula da ita, ana kuma gudanar da ita tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu. Kowane yanki da'ira ce mai faɗin mil 15, wato kimanin kilomita 24, wadda ba ta canja wuri daga shekara zuwa shekara, kuma rana ɗaya tak ake ware mata. Ita kuwa eBird, ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell tare da Audubon ne suka ƙaddamar da ita a 2002, ta buɗe wa duniya baki ɗaya a 2010, kuma ba ta da rana ko iyakar da ta ɗaure mutum.

Daga nan bambancin ya samo asali. Ƙidayar Kirsimeti tana so ta san ko tsuntsayen da ke cikin wannan da'ira sun ƙaru ko sun ragu idan aka kwatanta da shekarun baya, alhali yawan masu fita ba ya zama ɗaya: wata shekara mutum goma ne, wata shekara hamsin. Saboda haka ake raba adadin tsuntsaye da sa'o'in da tawagogi suka yi suna nema. A kula da kalmar, sa'o'in tawaga ne ake ƙirgawa, ba sa'o'in kowane mutum ba, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe.

Bari mu ɗauki misali. Ku huɗu ne kuka fito da ƙarfe 7 na safe, kuka tashi da ƙarfe 12 na rana. Sa'a uku na farko kuna tare, sannan kuka rabu biyu, wasu suka bi bakin tafki, wasu suka shiga kurmi, har tsawon sa'a biyu. Lissafin tawaga shi ne uku, a ƙara biyu, a ƙara biyu, sa'a bakwai ke nan. Ba biyar ba ne, domin a lokacin da kuka rabu wurare biyu ake dubawa. Ba kuma ashirin ba ne, domin mutum huɗu da ke tsaye a wuri guda suna kallon bishiya guda ba su ninka aikin sau huɗu ba. Idan kun ƙirga hankaki 140, lissafin gaskiya zai ba da 20 a kowace sa'a, amma wanda ya rubuta sa'a ashirin zai mayar da su 7, ta yadda mai nazari da zai buɗe bayanan bayan shekaru zai ga kamar hankaki sun yi ƙaranci a garinku, alhali alƙalami ne ya kauce. Wannan ne ya sa nake ɗaukar layin sa'o'i da muhimmanci daidai da layin tsuntsayen kansu, koda yake shi ne wanda mutane ke cikewa a gurguje da yamma, bayan sanyi ya gama gajiyar da su.

eBird ba ta yin wannan tarin. Kowane jeri, wato sunaye da adadin tsuntsayen da aka rubuta a kallo ɗaya, yana tsayuwa da ƙafarsa: lokacin da aka fara, mintunan da aka yi, yawan mutanen da ke tare, da kuma ko a tsaye aka yi kallon ko ana tafiya. Wanda bai gusa fiye da kimanin mita 30 ba, kallon tsaye ya yi, ba a neman tazara a wurinsa. Idan tawagarku ta rabu, kowane ɓangare zai buɗe nasa jerin. Manhajar tana kuma tambaya ko ka rubuta duk tsuntsayen da ka iya ganewa ne ko kuwa ka zaɓi wasu, domin rashin ganin tsuntsu a cikakken jeri shi ma bayani ne. An fi son jeri gajere, wanda bai wuce mil 5 ko kilomita 8 ba, kuma a buɗe sabo idan an bar daji an shiga fadama, saboda abin da ake nema shi ne a danganta kowane tsuntsu da ainihin wurin da sa'ar da aka gan shi.

Batun tazara ya fi buƙatar natsuwa. A ƙidayar Kirsimeti ana rarraba sa'o'i da tazara bisa yadda aka yi tafiyar, na ƙafa daban, na mota daban, na jirgin ruwa ko keke daban, domin mil ɗaya a ƙafa, inda kunne ke jin kowane motsi a cikin ciyawa, ba daidai yake da mil ɗaya a mota da gilashi a rufe ba. eBird ba ta da gurbin wannan rarrabewa, don haka kai ne za ka riƙa rubuta ta a gefe. Haka nan ƙa'idar eBird ita ce a ba da tsawon hanyar da aka rufe sau ɗaya: idan ka bi turba mai tsawon mil ɗaya ka dawo ta kanta, mil ɗaya za ka rubuta, amma lokacin zuwa da dawowa duka yana cikin lissafi muddin kana kallo. Shawarata ita ce ka ajiye adadin biyu a littafinka, tsawon turbar da kuma jimillar abin da ka taka, ka nuna wa mai tattara sakamako ya ɗauki wanda takardarsa ke nema. Tafiyar mota daga wannan wuri zuwa wancan, idan ana hira ne ba a duba waje, ba aikin ƙidaya ba ce, haka ma zaman cin abinci a cikin shago.

Akwai abubuwa biyu da ƙidayar Kirsimeti ke warewa gefe guda. Na farko shi ne sa'o'in dare, na masu fita kafin asuba ko bayan magariba don sauraren mujiya. Na biyu shi ne sa'o'in waɗanda suka zauna a gida suna kallon mazubin abincin tsuntsaye ta taga, al'adar da ta yaɗu sosai a Amurka da Kanada a lokacin hunturu. Sai dai idan tawagar da ke yawo ta tsaya minti goma a gaban irin wannan mazubi, lokacin yana cikin sa'o'in filinta ne. Tsuntsun da aka gani cikin kwana uku kafin ranar ko kwana uku bayanta kuwa, sunansa kawai ake rubutawa, ba a haɗa adadinsa da na ranar.

Idan ka taɓa yin aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ke jagoranta, za ka tuna cewa a can murabba'i ne mai kimanin kilomita 9 a kowane gefe, ana neman aƙalla sa'a biyu na nema a cikinsa. To kada abin da ka saba da shi a can ya biyo ka nan, domin ma'auninsa daban ne.

Abin da na ga ya fi dacewa shi ne ka yi aikin ranar da salon eBird, gunduwa-gunduwa, sannan da yamma ka haɗa su su zama lissafin Kirsimeti, domin ƙananan jeri suna taruwa su ba da jimilla, amma jimilla ba ta sake rarrabuwa. Wajen haɗawa ka lura da garken dinya da ka ƙirga a tafki da safe, wanda mai yiwuwa shi ne ka sake gani a gona da hantsi, kada ya shiga sau biyu. Ka kuma riƙe ƙaramin littafi da fensir a aljihun ciki, domin tsananin sanyi yana shanye batirin waya da wuri, tawadar biro ma tana ƙin fita. Duk inda kuka sauka daga mota, ka rubuta ƙarfe nawa ne da lambar da ma'aunin tafiyar motar ke nunawa, ka sake rubuta su idan kun koma ciki, ka kuma sa alama a daidai mintin da tawagarku ta rabu da mintin da ta sake haɗuwa.