Yaya, ga bayanin keken da ka gani a tsakar ɗaki

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da su Inna da yara. Ka ga hoton kekena a tsakar ɗaki babu tayar baya, ka tambaya ko lalacewa ya yi. Lafiyarsa ƙalau, inji na ɗora shi a kai.

A nan birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, daga Nuwamba har ƙarshen Maris ƙanƙara ce kwance a ƙasa. A Janairu sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, a Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Akwai masu ƙarfin hali da ke sa taya mai ƙusoshi su fita a haka, ni dai ban iya ba. Shekarar farko rataye keken na yi, wata biyar daga mota sai kujera. Da likita ta auna jinina ta ce sukari ya fara hawa, sai na tuna yadda ciwon nan ya yi da Baba. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini injin da ake kafa keke a kai, mutum ya yi ta tuƙi yana wuri ɗaya. Akwai wanda gangunan ƙarfe uku ne kawai a kwance, ka hau babu abin da ke riƙe da kai, wannan sai gwanaye. Na biyu yana maƙale tayar baya, ta riƙa gogar wani ɗan gangan ƙarfe, maganaɗisu ko mai da ke ciki shi ke sa feda ta yi nauyi. Shi ne mai araha, shi na fara saya na hannu, a wurin wani mutum da na samu ta Facebook.

A nan na yi kuskure, domin kuɗi kawai na duba, ban duba gidan da nake zaune ba. Hawa na biyu nake, benen kuma na katako ne. Kwana uku da farawa, bayan sallar asuba, dattijuwar da ke ƙasana ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kofunan da ke kan kantarta rawa suke yi, kuma ita aikin dare take yi, lokacin ne take kwanciya. Kunya ta kama ni ƙwarai, ka san haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Na shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba. Ga taya kuma tana cinyewa, baƙin garin roba duk ya ɓata bangon da ke bayana.

Sai na tafi shagon kekuna. Yaya, a nan ne na ga bambanci da gida. Yaron shagon bai fara da farashi ba. Ya tambayi giya nawa ce a bayan kekena, da irin ƙarfen da ke riƙe da tayar, mai ɗan maɓalli ne ko mai kauri da ake murzawa, da kuma ko akwai mutane a ƙasana. Sannan ya nuna mini iri na uku, wanda ake cire tayar baya gaba ɗaya a ɗora sarƙa kai tsaye a kan haƙoran giyar injin. Akwai na kamfanin Wahoo da na Saris daga Amurka, na Elite daga Italiya, da na Tacx na ƙasar Holan, wanda kamfanin Garmin ya saya a 2019. Ya bar ni na hau ɗaya na minti goma. Ban ji komai ba sai ƙarar sarƙa. Masu tsadar cikinsu sun haura dala dubu, na ɗauki na ƙasa-ƙasa.

Ciniki kuwa babu shi. Ba "albarka", ba "na sallama", abin da ke jikin takarda shi ne, a wurin biya kuma a ƙara harajin kashi 12 cikin ɗari. Amma an ba ni rasit da garanti, aka ce in bai yi mini ba in dawo da shi. Wannan ya burge ni, ina ma a ce 'yan kasuwarmu sun ɗauki wannan ɗabi'a.

Inda muka fi su shi ne gyara. Ɗaura haƙoran giyar nan kawai sai da aka ba ni rana, na jira kwana huɗu, na biya kuɗin aiki daban. Mai facin da ke gindin darbejiya a bakin layinmu, wanda ya shekara yana rayar da keken Raleigh ɗin Baba, da yana tsaye zai gama shi kafin shayi ya huce, har ya duba maka birki kyauta.

Yanzu minti arba'in nake yi kullum kafin in tafi aiki. Injin yana haɗuwa da waya, akwai manhajar Zwift da ke nuna hanya a allo, in an zo hawa feda ta yi nauyi da kanta, amma kuɗi ake biya duk wata, don haka na daina. Karatun Alƙur'ani nake sawa in yi ta tuƙi. Fanka dole ce ko da ana ƙanƙara a waje, saboda babu iskar hanya, zufa kamar an yi maka wanka, kuma gishirinta na sa ƙarfe tsatsa. Tawul nake shimfiɗawa a kan sitiyarin.

Wata mai zuwa zan koma awon jini, zan sanar da kai yadda ta kaya. Don Allah kai ma ka je a auna ka, ka kai Inna. Ka gaishe mini da mai facin nan, ka ce ina tunawa da shi.