Layin taimako na NDLEA: amfaninsa ga iyaye a Katsina da inda ya tsaya

Tun shekarar 2022 hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ta buɗe layin waya, 0800 1020 3040, don masu fama da shaye-shaye da iyalansu. Kiran kyauta ne, ana ɗauka dare da rana, kuma ana iya magana da Hausa. Uwar da ta tsinci fankon taramadol a aljihun ɗanta ɗan sakandare, wannan layin ya fi mata saurin samu a kan kowane asibiti.

Babban cikas ɗinsa sunan hukumar ne. Iyaye da dama a Katsina da Daura suna jin an ce NDLEA sai su ɗauka kama yaron za a yi. Masu ba da shawara ne ke amsa kiran, kuma hukumar ta ce sirrin mai kira a rufe yake. Sai dai tsoron bai rabu da mutane ba, shi ya sa wasu har yanzu suke kai yaro gidan mari, duk da mutanen da aka gani ɗaure da sarƙa lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a watan Oktoban 2019. Sarƙa ba ta cire wa kowa jaraba.

Kafin ku kira, ku haɗa bayani, don da shi za a ba ku shawarar da ta dace: shekarun yaron, abin da yake sha (wiwi ce, kodin, taramadol, rochi ko sholisho), tun yaushe, sau nawa a rana, da lokacin da ya sha na ƙarshe. In kun sami fankon ƙwayar, ku karanta lambar da ke jiki. Taramadol ɗin da ake sayarwa a bayan fage yakan kai miligiram 225 ƙwaya ɗaya, alhali likita ba ya wuce 400 a yini ga babba, don haka ƙwaya biyu kaɗai na iya jawo jijjiga. Ku faɗi kuma ko yana barci, ko yana magana shi kaɗai, ko ya taɓa cewa ya gaji da duniya. Wannan na ƙarshe kada kunya ta sa a ɓoye shi.

Waya dai ba ta auna numfashi, ba ta rubuta magani. Yaron da ya daɗe yana shan rochi ko diyazifam, aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa rana ɗaya, zai iya faɗuwa da jijjiga mai haɗari. Likita ne ke rage masa a hankali. Mai barin taramadol ko kodin kuwa zai yi zawo, gumi, yawan hamma da ciwon gaɓoɓi, abin ya fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, kuma a nan ne wasu ke komawa sha. In kuka same shi ya sume, numfashi ya yi ƙasa, ƙwayar ido ta tsuke, kada ku ɗura masa madara ko manja, don zai iya shaƙewa. Ku kwantar da shi ta gefe ku nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibiti mafi kusa.

A ganinmu layin ya cancanci kira, musamman tun abin bai yi nisa ba. Amma kada ku ajiye wayar sai kun tambayi cibiyar da za ku kai shi a jihar nan, kuma in ya yarda, ku miƙa masa wayar ya yi magana da kansa, ku ba shi wuri.