Dillaliyar inshora da ta cece mu a Kalifoniya

Wallahi ranar da wasiƙar nan ta zo cewa kamfaninmu ba zai sabunta mana inshorar gida ba, wai unguwarmu tana kusa da daji akwai haɗarin gobara, tuwo ma kasa ci nayi. Doka a nan ta ce su ba mutum sanarwar kwana 75, amma kwanakin gudu suke, ga banki na jira tunda bashin gidan bai ƙare ba, in baka da inshora su zasu saka maka mai tsada.

Wata maƙwabciya ce ta haɗa ni da wata dillaliya mai zaman kanta. Baiwar Allahn nan har gida tazo, ta duba rufi, tace in sassare reshen bishiyar da ke taɓa kwano in kwashe busassun ganye a magudana, sannan ta ɗauki hotuna. Kamfani huɗu suka ƙi, ƙarshe ta kaimu FAIR Plan, wato tsarin inshora na Kalifoniya da ke ɗaukar gidajen da kamfanoni suka ƙi, ta kuma faɗa min gaskiya cewa shi gobara ce aikinsa, babu sata babu fashewar famfo, sai mun ƙara wata inshorar a kai. Kuɗin yafi na da sosai, kuma kiranta ranar Litinin sai haƙuri. Amma duk wanda ya tambaye ni wajenta zan tura shi.