Ɗaga hannu ko barin kujera: Chadi da Kamaru a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya

Gada ce kawai tsakanin Kusiri ta Kamaru da Njamena ta Chadi, amma ranar 2 ga Maris 2022 gwamnatocinmu sun raba gari. Da aka kawo ƙudurin yin tir da mamayar Rasha a Ukraine, ƙasashe 141 suka amince, har da Chadi da Nijar da Najeriya. Kamaru kuwa ko ƙuri'a ba ta kaɗa ba.

Shirun Kamaru yana da dalilinsa. Ƙasar da ke sayen alkama da takin Rasha, kuma take hulɗa da Faransa, ba ta son ɓata wa kowa rai. Mai gasa burodi a Garwa ya san abin da tsadar fulawa ke yi wa ciniki.

Sai dai ni na fi karkata ga matsayin Chadi. Ƙasar da Libiya ta taɓa mamaye mata yankin Aouzou, har sai da Kotun Duniya ta mayar mata da shi a 1994, ta san zafin keta iyaka. Afirka na da kujeru 54 cikin 193, kuma duk kujerar da aka bari babu kowa ragi ce a ƙarfinmu, musamman yanzu da muke neman kujerun dindindin 2 a Kwamitin Sulhu.