Harbi daga sama ko gurfanarwa a kotu?

Gwamnatin da ke zargin mutum da ta'addanci tana da hanya biyu: ta kashe shi inda ta gan shi, ko ta kama shi ta kai gaban alƙali.

Masu goyon bayan kisa suna da hujja. Wanda ya ɓuya a duwatsun Yaman ba ɗan sandan da zai kai masa sammaci. Da wannan hujjar Amurka ta kashe Anwar al-Awlaki, ɗan ƙasarta da ta zarga da zama jigo a ƙungiyar Al-Ƙa'ida a Yaman, da jirgi marar matuƙi a 2011. To amma wa ya auna shaidar? Waɗanda suka yi zargin su ne suka yanke hukuncin, su ne kuma suka zartar. A Agustan 2021 irin wannan harin ya hallaka fararen hula 10 a Kabul, 7 daga cikinsu yara, daga baya sojojin Amurka suka amsa cewa kuskure ne. A Landan ma, a 2005, 'yan sanda sun harbe wani ɗan Brazil a tashar jirgin ƙasa bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kotu tana da jinkiri da tsada, wannan gaskiya ne. Amma Faransa ta yi kusan wata 10 tana shari'ar harin Paris na 2015 da ya ci rayuka 130, iyalan mamatan suka yi magana, aka yanke wa Salah Abdeslam, ɗaya daga cikin maharan, ɗaurin rai da rai a 2022. Ni wannan hanyar nake bi, sai fa wanda aka tarar da makami a hannu yana shirin kisa.